Allon Madam Tarez

"Umma, me ya sa jaririn nan yake da fuskar tsoho? Har da sanƙo fa."

Sabuwa tana durƙushe tana goge tayil lokacin da tambayar ta faɗo. Ta ɗago ta zabga wa 'yarta harara, amma Hajar ba ita take kallo ba. Ta ƙura wa hoton da ke jingine a kan tebur ido, yatsa ɗaya a baki. Da yake tun tana shekara biyu aka kawo ta Riyad, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, sai ta maimaita tambayar da Larabci, da ƙarfi, daidai lokacin da matar gidan ta turo ƙofa da kyandir a hannu.

Wata huɗu Sabuwa tana aiki a gidan, ba ta taɓa barin yarinyar ta taka wannan ɗakin ba sai yau da aka yi hutun makaranta. Ta miƙe tana laluben 'yan kalmomin ban haƙurin da ta iya.

"Malish, Madam. Yarinya ce, ba ta san..."

Madam Tarez ta tuntsire da dariya har kyandir ɗin ya kusa suɓuce mata. Mutuniyar Labanan ce, Kirista, doguwa, ta ba hamsin baya. Ta ja kujera ta zauna, ta jawo Hajar jikinta.

"Habibti, 'yar lele, ni ma ina kamar ke na yi wa kakata wannan tambayar. Ranƙwashi na sha."

Hoton ba a takarda yake ba, a jikin katako yake, girmansa kamar babban allon karatu, kansa a tsuke ya yi tsini. Bayan duk zinariya ce. A tsakiya wata mace ce lulluɓe da shuɗin mayafi, ta rungume jariri, can a kusurwa biyu na sama ga wasu ƙananan mutane masu fukafukai. Madam ta ce Nana Maryamu ce da ɗanta. Kakan kakanta, ɗan kasuwar alharini, shi ya sayo shi a Italiya, kuma tun daga nan matan gidansu a gabansa suke addu'a.

Mai zanen, in ji ta, ya mutu shekara ɗari shida ke nan, ba wanda ya san sunansa. Malaminsa ya koya masa zane irin na dā: a lulluɓe baya da zinariya don a nuna nan ba duniya ba ce, a yi wa jariri fuskar dattijo don a nuna da hikimarsa ya zo. A kan jaririn ya bi malaminsa, bai isa ya saɓa ba. Amma a zamaninsa masu zane sun soma leƙa taga, sun soma kallon matan da ke wucewa a layi.

"Dubi uwar," in ji Madam. "Dubi kumatunta. Dubi gajiyar da ke ƙarƙashin idonta. Wannan ba a wurin malami ya koya ba. Matarsa ya kalla, ko maƙwabciyarsa. Kuma kin san da me ya kwaɓa fentin? Da gwaiduwar ƙwai."

"Ƙwai na soyawa?"

"Shi fa."

"To me ya sa ba ya wari?"

Sabuwa ta ce, "Ke! Wuce kicin."

Amma da suka fita, ita ma sai da ta saci kallon allon. A zuciyarta ta san ba haka Nana Maryamu take ba, ba wanda ya gan ta balle ya zana ta, ta yi istigifari. Abin da ya riƙe ta hannun matar ne. Ta tallafe ƙafar jaririn a tafin hannu, babban yatsanta a kan tafin ƙafar, kamar mai jin ko da zafi. Haka Sabuwa take riƙe ƙafar Hajar duk ranar da ciwon ya tashi.

Domin Hajar sikila gare ta. Yayarta Safiyatu ma da shi aka haife ta, ta rasu tana shekara uku a can gida, a bayan mota, ana hanyar asibiti. Bayan wannan rasuwar ne mijin Sabuwa, Ghali, wanda yake tuƙa Muhandis Antwan, injiniya mijin Madam, ya durƙusa wa ubangidansa. A doka, direba ba ya kawo iyali ƙasar nan. Muhandis ya sa aka sauya masa sunan sana'a a iƙama, takardar izinin zama, aka rubuta wakilin kamfani, da haka Sabuwa da Hajar suka shigo a ƙarƙashinsa, suka kama ɗaki biyu a unguwar Malaz. Shekara biyar yanzu Hajar tana da fayil a asibiti, da likita mai kiranta da sunanta, da maganin da ake auna mata duk wata. Ciwon da yake kayar da ita sau shida a shekara ya koma sau ɗaya. Duk wannan a rataye yake a jikin takarda guda da ake sabuntawa duk shekara da sa hannun Muhandis. Sabuwa ta san haka sarai. Shi ya sa da Madam ta ce tana neman mai share-share, ba ta tsaya tambayar ko doka ta yarda matar da ta zo a ƙarƙashin miji ta yi aiki ba. Gidan da ya riƙe ran 'yarka, ba ka ce masa a'a.

Mai dafa abincin gidan, Mariamou, Bamaraɗiya ce, ta girmi Sabuwa nesa ba kusa ba, shekararta goma sha ɗaya a kicin ɗin. Ita ko ƙofar ɗakin allon ba ta kallo.

"Lale da limamiyar gunki," take cewa duk sanda Sabuwa ta fito da tsumma. "An gama yi mishi wanka?"

"Iya Mariamou, ƙura kawai nake sharewa a tebur."

"Ɗiyata, ni dai na hwaɗa miki. Abin da ba naki ba, ba na addininki ba, mi ya kai hannunki? Ki share ƙasa ki hito."

Sabuwa takan yi murmushi ta wuce. Ba ta taɓa taɓa allon ba ma. Madam ta hana.

Da aka shiga watan Yuli, zafin Riyad ya kai inda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, Madam da Muhandis suka shirya tafiya Labanan hutun sati shida. Kafin su tafi Madam ta kai Sabuwa ɗakin, ta nuna mata wani ɗan inji a kusurwa mai fesa raɓa. Ta ce katakon nan a ƙasar ruwa aka haife shi, iskar garin nan kashe shi za ta yi. Kullum da safe a cika injin da ruwa. Lambar da ke fuskarsa kada ta sauka ƙasa da hamsin.

"Amana ce, ya Sabuwa. Wannan allon ya kwana shekara goma sha biyar a ramin ƙasa lokacin yaƙi, bama-bamai suna sauka a kanmu, ko ƙwarzane bai yi ba."

"In sha Allahu, Madam."

Sati biyu komai lafiya. Ranar Talata ta sati na uku ta shigo da safe ta tarar injin ya yi shiru, fitilarsa a mace. Ta cire ta mayar, ta bubbuga, ta canza soket. Ko tari bai yi ba. Ghali ya ɗauke shi ya kai wa masu gyara, suka ce wani abu ne ya ƙone a ciki, sai an aiko da shi, kwana goma. Ta kira Madam sau bakwai ba a ɗauka ba. Ta tura saƙon murya, rabi Larabci rabi Turancinta na sakandare. Sai bayan la'asar amsa ta zo, ana jin kiɗan biki a bayanta.

"Ana mashgula, ba ni da sukuni, ya Sabuwa, bikin 'yar ƙanwata ake. Tasarrafi, ki san yadda za ki yi. Yalla, bai."

Ta san yadda za ta yi. Washegari ta jera roba huɗu cike da ruwa a ɗakin, ta rataya jiƙaƙƙen tawul a bayan kujera. Kafin azahar tawul ɗin ya bushe ƙarau kamar kilishi. Ta kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin ya zama tanderu. Ta kunna, iskar ta ƙara bushewa.

Ranar Juma'a da hantsi tana canza ruwan robobin ta ji "ƙas!" kamar an taka busasshen kara. Ta juya. Daga gindin allon wata siririyar tsaga ta taso, tsawon ɗan yatsa, ta ratsa shuɗin mayafin. Washegari ta zama yatsa biyu. Allon da kansa ya soma lanƙwasa kamar mai ciwon baya. Ranar Lahadi tsagar ta kai daf da ƙafar jaririn, a gefenta fentin ya tattashi kamar ɓawon kifi.

Ta sake kira. Waya a kashe. An ce sun hau dutse, ƙauyen su Madam, inda ba sabis.

Ta tsaya a gaban allon, hannu a ƙirji. Ba allon kaɗai take gani yana tsagewa ba, fayil ɗin Hajar take gani. Madam za ta dawo ta tarar da amanarta gida biyu, ta ce wa aka bar wa? Nan ne ta tuna da mahaifiyarta. A gidansu akwai wani baƙin akushi na gado, ya girmi kowa a gidan. Duk sanda rani ya tsananta ya soma nuna alamar tsagewa, Inna takan zauna ta shafe shi da man gyaɗa ciki da waje, ta ajiye a inuwa ya sha. Haka ake yi wa turmi, haka ake yi wa muciya da ƙotar gatari. Itace idan ya ji ƙishi, mai ake ba shi. Ko yarinyar goye a garinsu ta san wannan.

Mariamou ta gan ta ta ɗauko kwalbar man zaitun, na Madam na musamman wanda ake kawo mata daga gonarsu.

"Ina za ki da man mutane?"

"Katakon ne ya bushe, Iya. Zan ba shi ya sha."

"Ikon Allah. Jiya wanka, yau shahe-shahe. Gobe sai ki yi mishi kwalli." Ta juya miyarta. "Ni ban gani ba, ban ji ba."

Sabuwa ta wanke hannu har gwiwa. Ta shimfiɗa sabon tawul, ta yi bisimilla, ta kifa allon a hankali kamar mai juya jinjiri. Bayan duk ƙananan ramukan gara ne na tun zamanin dā. Ta tsoma auduga a mai ta soma shafawa. Katakon ya shanye nan take, kamar an zuba ruwa a rairayi. Tausayinsa ya kama ta. Ta ƙara. Ta ɗiga a cikin tsagar, ɗigo ɗigo, har ta ƙoshi. Da ta juyo shi ta ga inda fentin ya tattashi, sai ta ɗan dangwala a nan ma, don ya kwanta.

Kuma ya kwanta. Kwana biyu tsagar ba ta ƙara ko gashi ɗaya ba. Shuɗin ya yi wani irin sheƙi da ba ta taɓa gani ba. Ta koma Malaz ranar tana ta yi wa Ghali hira a mota, ta ce ashe Turawa da duk iliminsu ba su san abin da Inna ta sani ba.

A rana ta huɗu tabo ya ɓullo. Daga bakin tsagar ya faro, launin ruwan shayi, yana bazuwa ta ƙarƙashin fenti kamar yadda mai ke cin takardar ƙosai. Ya cinye hannun matar, ya haye ƙafar jaririn, ya kama cikinsa. Ta ɗauko busasshiyar auduga ta danna don ta tsotse. Da ta ɗaga, sai ga 'yan ɓarɓashin shuɗi da fari manne a jikin audugar. Ta zauna daɓas a ƙasa. Da injin ya dawo daga gyara ta kunna shi, ya ci gaba da fesa raɓarsa lafiya lau, a kan abin da ya riga ya lalace.

Ghali ya zo ya gani.

"Wa ya aike ki, Maman Hajar?"

"Cewa ta yi in san yadda zan yi."

"Da kin bar shi ya tsage, laifin inji ne. Inji ba shi da iƙama. Ke kuwa kin sa hannu."

"Da sai in tsaya ina kallo?"

"Eh! Ki tsaya kina kallo! Shekara tara ina garin nan, me kike tsammani nake yi?"

Madam ta dawo ranar wata Asabar da safe. Ko takalmi ba ta cire ba ta wuce ɗakin. Ihun da ta yi har Mariamou sai da ta saki ludayi. Sabuwa ta shiga, Hajar tana maƙale da gefen abayarta, don ranar ba makaranta kuma ba inda za ta bar ta.

Madam tana durƙushe a gaban tebur, tana magana da sauri da Larabcin garinsu, wanda ko a ranar lafiya rabi Sabuwa take tsinta. Da ta ga ba a fahimtarta, sai ta nuna Hajar.

"Ke! Faɗa wa uwarki abin da na ce."

"Madam, don Allah, yarinya ta fita," in ji Sabuwa. "Ni ki faɗa mini."

"Ta tsaya! Faɗa mata!"

Hajar ta dubi uwarta. "Umma, ta ce... ta ce da gangan kika yi."

Madam ta ƙara wasu maganganun.

"Ta ce ku ba kwa son hotuna. Ta ce kin jira sai da ta tafi. Ta ce ta san a kicin gunki kuke ce masa." Yarinyar ta ci gaba. "Ta ce ta ba mu abinci, ta ba ni magani, ke kuma..." Ta tsaya. "Umma, ban san wannan da Hausa ba."

"Ba sai kin sani ba."

Sabuwa ta toshe wa yarinyar kunnuwa da tafukanta biyu, ta tsaya a haka har Madam ta gama. Ta so ta ce ita ma tana girmama Nana Maryamu, akwai sura guda da sunanta a Alƙur'ani. Ta so ta ba da labarin akushin Inna. Amma da wane Larabcin? Abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Katako... ƙishi... mai." Madam ta dube ta kamar ta ga mahaukaciya.

Bayan kwana uku aka kawo wata Baturiya mai gyaran kayan tarihi, wadda take wani aiki a wajen unguwar Murabba. Ta sa safar hannu, ta haska wata shuɗiyar fitila, ta daɗe a sunkuye. Sabuwa tana bakin ƙofa da tiren shayi. Baturiyar ta yi bayani da Turanci a hankali, yadda har Sabuwa ta bi. Ta ce tsakanin katakon da fentin akwai wani farin shafe na alli da danƙo, shi ne ya sha man. Da tsagar ce kaɗai, aikin sati biyu ne. Amma mai idan ya shiga wannan shafen ba ya fita duka. Za a rage, ba za a dawo da hannun ba. Sannan ta juya bayan allon ta shafa da yatsa.

"Wanda ya yi wannan ceton sa ya so yi," in ji ta. "Dubi yadda aka bi kowane lungu. Mai son ɓarna wuƙa yake ɗauka."

Sabuwa ta ji. Ta tabbata Madam ma ta ji. Madam ta ce wa Baturiyar, "Sukari nawa za a sa miki?"

A Malaz kuma labari ya riga ya zaga. Matan da suke haɗuwa a gidan wata maƙwabciya, Zuhura, ranar Alhamis suka yi tsit da ta shigo. Wata ta ce, ba da ita take ba wai, duk wanda ya ɗauki hannun da yake alwala da shi ya shafa wa gunki mai, to ya jira sakamako tun a duniya. Sabuwa ta ajiye kofin da aka miƙa mata ta fita. A gidan aiki ta ƙi hoto don addini, a unguwa ta bauta wa hoto. Mai guda ne ta shafa, laifi biyu ya haifa.

Muhandis Antwan mutum ne mai sanyin murya. Ya kira Ghali ofis ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba zai kai ƙara ba, ko da yake matar da ta zo a ƙarƙashin miji ba ta da izinin aiki, kuma idan aka tona kowa zai ji jiki. Ghali zai ci gaba da tuƙi, ba shi da laifi. Sai dai iƙamarsa da za ta ƙare wata mai zuwa, za a mayar da sana'ar yadda take a gaskiya: direba. Shi ma ya gaji da ɗaukar kasada.

"Ranka ya daɗe, direba ba ya riƙe iyali."

"Nizam ne, ya Ghali, dokar ƙasa ce. Ba ni na kafa ba."

Sabuwa ba ta yi kuka ba da ya faɗa mata. Washegari da safe ta ɗauki fayil ɗin Hajar, mai kauri kamar bulo, ta hau tasi zuwa gidan. Mariamou ce ta buɗe ƙofar baya. Ba ta yi tsiya ba yau.

"Ɗiyata, ta ce kar a bar ki ki shigo."

"Iya, ke kin san abin da ya sa na yi. A gabanki na ɗauki man. Ki faɗa mata."

Mariamou ta sunkuyar da kai. "Ina da marayu huɗu a Maraɗi. Na ce miki ban gani ba."

Amma ta matsa gefe, Sabuwa ta wuce. Ta sami Madam a falo, ta rame, idanunta sun kumbura. Sabuwa ta durƙusa ta ajiye fayil ɗin a gabanta, ta buɗe shafin da hoton Hajar yake. Daren jiya ta kwana tana haddace jimlolin da Hajar ta koya mata, ba tare da yarinyar ta san na mene ne ba.

"Ni ki kore ni. Ni na yi. Yarinya ta zauna da ubanta. A can babu wannan magani. Yayarta ta mutu."

Madam ta dubi hoton. Hawaye ya zubo mata, na gaske, ba na munafunci ba. Sabuwa ta ga haka, zuciyarta ta ɗan buɗe.

"Ina son yarinyar nan," in ji Madam a hankali, yadda Sabuwa za ta gane. "Amma uwata ta mutu tana kallon hannun nan. Kakata ma haka. Mata shida suka riƙe shi, a hannuna ya mutu. Duk sanda na ga mijinki a bakin ƙofa sai in tuna akwai ku a garin nan. Ba zan iya ba." Ta rufe fayil ɗin ta tura mata. "Zan yi mata addu'a."

"A gaban wa?" Sabuwa ta ce da Hausa. Ba a fahimce ta ba, kuma gara haka.

Ghali ya buga ko'ina. Ya nemi wani kafili, wato ubangidan da zai karɓe shi da sana'ar da ke riƙe iyali, aka ce sai da takardar digiri. Ya je wurin Alhaji Maiwada, ɗan kasuwar da ake cewa ya san mutane, Alhaji ya ce a bari ya gani, daga nan wayarsa ta daina shiga. Takardar fita ta ƙarshe ta fito ranar wata Laraba, sunaye biyu a kanta.

Likitar Hajar ta rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga duk likitan da zai karɓe ta, ta ba su maganin wata uku, iyakar abin da aka yarda ta bayar. Ta ce a riƙa auna jininta duk wata, kada a yi wasa. Sabuwa ta ce to. Ba ta gaya mata daga garinsu zuwa inda ake irin wannan awon tafiyar awa huɗu ce ba, idan hanya ta yi kyau.

A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, da hantsi, Ghali ya tura musu kaya har inda aka tsayar da masu rakiya. Ya tsuguna ya gyara wa Hajar zip ɗin rigar sanyi, don sanyin jirgi yana tayar mata da ciwo. Ya ce ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Ta ce da Larabci yaushe zai zo. Ya ce da Sallah. Bai faɗi wace ba. Da ya miƙe, shi da Sabuwa suka dubi juna.

"Maman Hajar, maganar da na faɗa ranar nan..."

"Gaskiya ka faɗa. Je ka, kar Muhandis ya jira."

Ta rataya jakar magungunan a wuya, ta ƙi yarda a auna ta da sauran kaya. Ta kama hannun 'yarta suka shiga layi. Kwalba uku ne a jakar. Tana jin su suna karo da juna duk takun da ta yi.

Ke da kike shirin zuwa aiki gidan mutane a ƙasar da zamanki yake a aljihun wani, ki ji da kyau. Ranar da kika ga kayansu yana tsagewa, kada tausayi ya ɗebe ki, kada ki tuno dabarar gidanku. Ki ɗauki hoto da waya, ki tura musu, ki tura wa mijinki, ki sa hannuwanki biyu a baya. Idan an ce ki san yadda za ki yi, ki ce ba ki sani ba. Ki tsaya ki ji ƙararsa har ya rabe biyu. Su za su yi kuka su sayi wani injin. Ke kuwa abin da za a karɓe miki a kan kyakkyawar niyya, ba a gyara shi a ko'ina.